Kwana Goma Sha Biyun Ja'afaru Likita

Duk wanda ya zauna a Doka cikin shekarun nan ya san Ja'afaru Likita, dogon mutumin nan mai kaki da ke wucewa da sassafe a kan keke, ya nufi Rigasa, akwatin allurar shanu ɗaure a bayansa. Ba likita ba ne. Shi ma bai taɓa cewa shi likita ne ba. Da farko ma yakan taka birki ya sauka, ya yi wa mutum bayanin bambancin likitan dabbobi da mai allura, har ya lura bayanin ƙara wa mutane tabbaci yake yi cewa lallai wannan likita ne, sai ya daina. Abin da ya raba shi da likitanci kwana goma sha biyu ne, ba ƙari ba ragi, kuma akwai takarda mai hatimi da ta tabbatar da haka.

Takardar aikin mahaifinsa ce. Malam Shu'aibu akawu ne a Sakateriya, mutumin Zariya, wanda ya shekara ashirin da shida yana rubutu a fayil ba a taɓa ganin ya soke kalma ko ya bar gurbi ba. Ranar da matarsa Hansai ta haifi ɗansu na fari, ya yi hamdala kamar kowane uba, sannan ya yi abin da ba kowane uba ke yi ba, ya ciro agogo daga aljihu ya duba. Ya ɗauko baƙin littafin da yake rubuta al'amuran gidansa, ya sa: Laraba, 20 ga Disamba, 1933, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, namiji. Bayan suna ya je ofishin rajistar haihuwa, inda ba ka ganin kowa sai Turawa da mutanen Ikko, ya karɓo takarda.

A wancan lokaci yaro ba ya da ranar haihuwa. Yana da shekarar fara, ko daminar da gada ta karye, ko a ce shi sa'an ɗan wane ne. In zai shiga makarantar midil, likitan gwamnati ya ce ya buɗe baki, ya leƙa haƙoransa, ya faɗi wata lamba, akawu ya cike sauran da ɗaya ga Janairu. Shi ya sa a ajin su Ja'afaru na ƙarshe a kwaleji, cikin ɗalibai ashirin da huɗu, ashirin da uku duk ɗaya ga Janairu aka haife su. Ja'afaru kaɗai ke da ranar kansa, kuma ya daɗe yana alfahari da ita.

Bai shiga boko da wuri ba. Sai da ya sauke Alƙur'ani a hannun kawunsa, Malam Ɗahiru na Unguwar Dosa, wan Hansai, don haka tun farko shekarunsa sun ɗan yi gaba da ajinsa. Ban da haka, shi ɗan fari ne, kuma a gidan ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda ya kamata. Hansai ba ta faɗin sunansa, sai ta ce yaron nan. Malam Shu'aibu kuwa ba ya ma yi masa magana kai tsaye in da hali. Ja'afaru na durƙushe a gabansa zai waiwaya ya ce, "Hansai, ki gaya masa ya rage yawo da rana." Ita kuma ta ce, "Ka ji dai."

Sha'awar aikin dabbobi ta same shi ne a daminar 1950, lokacin da awakin Hansai tara suka mutu cikin mako biyu. Ta taran ya ɗora ta a keke ya kai ofishin dabbobi. Wani ma'aikaci ya farke ta a gabansa, ya ciro hantar, ya tsaga, ya nuna masa wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganyen tsamiya suna motsi a ciki, ya gaya masa irin ciyawar fadama da ta ci ta kwaso su. Tun da Ja'afaru yake, in dabba ta mutu aka tambayi dalili, amsa ɗaya yake ji, kwananta ne ya ƙare. Ran nan ya ga ashe ana iya nuna dalilin da yatsa. Ya dawo gida hannunsa na ƙarni, ya ce shi likitan dabbobi zai zama.

Malam Shu'aibu, wanda ya riga ya hango masa tebur a ofishin Razdan, ya juya wajen matarsa. Sannan ya ce, "Hansai, ki tambaye shi, mutane sun ƙare ne?"

Makarantar da ke koyar da aikin tana can kan duwatsun Jos, kuma sharuɗɗanta uku na manne a allon sanarwa na kwaleji. Na farko, a ci jarrabawar ƙarshe da kyakkyawan sakamako a ilimin halittu da kemistiri. Na biyu, a kawo shaidar an yi wata shida ana aiki da shanu. Na uku, kada mai nema ya cika shekara ashirin da biyu kafin ɗaya ga Janairun shekarar da zai shiga. Sauran ɗalibai ba sa karanta na ukun, don bai shafe su ba. Ja'afaru ya karanta, ya yi lissafi. In ya ci jarrabawar Disambar 1953, sakamako ya zo daga Ingila a Afrilu, ya yi wata shidansa, ya shiga a Janairun 1955 yana da ashirin da ɗaya. Ƙofar ta ishe shi wucewa sau ɗaya. Sau biyu ne babu.

Ilimin halittu bai ba shi wahala ba. Ya riƙa bin mahauta a kasuwa yana roƙon ƙasusuwa, ya dafa, ya shanya, ya huda, ya ɗaure da waya, har ya tayar da akuya sukutum ta ƙashi zalla a zauren gidansu, kowane ƙashi da 'yar takardar sunansa. Masu talla suka daina shiga gidan. Hansai ta ce tara sun mutu ba ta yi kuka ba, amma wannan da ta ƙi kwanciya ita ce za ta kore ta daga gidan. Daga nan unguwa ta sa masa Likita. Malam Shu'aibu kan wuce akuyar kamar bai gan ta ba. Sau ɗaya dai Ja'afaru ya shigo ya tarar da shi tsaye gaban akuyar, tabarau a hanci, yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba fayil. Da ya ji motsi ya miƙe ya ce da bango, "Zauren nan yana son shara."

Kemistiri ne matsalar. Kwalejin tana da ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin yana da kayan aiki sababbi ful, kayan kuma suna cikin kabad mai gilashi, a kulle. Malamin, wani Bature mai yawan tari, ya yi imani cewa kayan gwamnati in aka taɓa su fashewa suke yi, kuma sufeto in ya zo ƙirga su yake yi, ba tambayar wa ya iya su ba. Saboda haka yakan zana su a allo. Zanensa kuwa yana da kyau ƙwarai. Shekara biyu Ja'afaru na kallon ƙaramin sikelin tagulla ta bayan gilashi, ya san sunan kowane ɓangarensa, ya san yadda ake auna gari da shi a littafi, bai taɓa jin nauyinsa a hannu ba.

Ranar jarrabawa aka buɗe kabad. Aka ba kowa sikeli da wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, wanda ake so ruwa ya riƙa ɗiga daga cikinsa ɗigo-ɗigo har launin abin da ke kwalba ya sauya. Ja'afaru ya san wannan sarai. Abin da allo bai nuna masa ba shi ne laushin famfon. Ya murɗa shi yadda ake murɗa famfon bakin titi. Ruwan ya zube gaba ɗaya, kwalbar ta yi jajir, ya tsaya yana kallonta. A teburin da ke kusa, abokinsa Ɗanjuma ya riga ya fasa nasa bututun, yana tattara gilashi da takardar tambayoyi.

Sakamako ya zo a Afrilun 1954. Ya ci komai, ilimin halittu ma shi ne na ɗaya. Kemistiri ya faɗi. Yana tsaye gaban allon ya sake lissafin da ya riga ya sani. In ya maimaita aji, jarrabawa a Disamba, sakamako a Afrilu, wata shida da shanu, shiga sai Janairun 1956. Ranar ɗaya ga wannan Janairun yana da shekara ashirin da biyu da kwana goma sha biyu.

Ɗanjuma, wanda shi ma ya faɗi, kuma shi ma makarantar yake so, bai ga abin tashin hankali ba. Basakkwace ne, ƙato, yana da mata da ɗa a ƙauyensu, yana aske gemu duk bayan kwana biyu. A takarda shekararsa goma sha takwas.

"Likita, mi ad damuwa?" in ji shi. "Ka ce gara ta canye takardar. Ka tai gun alƙali da babanka, shi rantse cikin Janairu anka haife ka. Kowa haka shika yi."

"Kai ba ka san babana ba."

"To ka zo in ara maka shekara biyu. Ni likita ya dubi bakina yac ce sha biyu, wallahi ranar da reza cikin aljihuna. Ina da ragowa da yawa, ban san inda zan kai su ba."

Ja'afaru ya kwana uku yana shirya magana. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya durƙusa a tsakar gida, mahaifinsa na kan kujera yana shan iska, Hansai na tankaɗe. Ya yi bayani tun daga sharaɗi na uku har zuwa alƙali. Ya ce ba shekara ake nema a rage ba, ba wata ba, kwana goma sha biyu ne.

"Hansai," in ji Malam Shu'aibu, "ki tambaye shi, ran nawa aka haife shi?"

"Ashirin ga Disamba, Baba."

"Ki tambaye shi, wa ya rubuta?"

"Kai ne, Baba. Amma Ɗanjuma ya ce in aka ce gara..."

"Ki gaya masa gara ba ta cin takardata. Ki gaya masa kofe ɗaya na ofishin rajista, ɗaya na fayil ɗin kwaleji, asali na cikin akwatina. Garar da za ta bi ukun nan sai an ba ta izini a rubuce."

Hansai ta ajiye rariya. "Malam, ni fa na haife shi, ba wanda ya tambaye ni. Ni abin da na sani farkon azumi ne, ina jin yunwa. Da na san kwana goma sha biyu za su zama magana, da na daure na riƙe shi har Sallah."

"Ba a yi haka ba," in ji Malam Shu'aibu, "don haka ba a rubuta haka ba."

Daga nan Ja'afaru ya hau keke sai Unguwar Dosa. Tunaninsa, tun da an ce farkon azumi, wataƙila lissafin watan Musulunci ya ba shi wata kafa. Kawu Ɗahiru ya saurare shi da kyau, ya share ƙasa da tafin hannu, ya yi ta zane da yatsa yana motsa baki. Da ya gama ya ɗago.

"Ja'afaru, kada ka kai musu wannan lissafin."

"Me ya sa, Kawu?"

"A namu, ranar da kake faɗa kana da ashirin da biyu da wata takwas da ɗoriya. Riƙe na Nasara, ya fi maka sauƙi."

Duk da haka ya koma kwaleji ya maimaita ajin, don shugaban kwalejin ya ce masa za a duba, shi kuma a lokacin bai san ma'anar za a duba ba. Ya zauna aji ɗaya da yaran da a bara yake sa su sharar ɗaki. Bature mai tari ya tafi hutu bai dawo ba, wanda ya gaje shi ya buɗe kabad ya jefa makullin a aljihun tebur. Ja'afaru ya yi shekarar nan kusan a ɗakin gwaje-gwaje. Ya murɗa famfon nan sau ɗari ba ɗaya ba, har ya iya sakin rabin ɗigo ya tsaya yana reto a baki. Duk ɗigon da ya faɗa, a ransa yana jin goma sha biyu. A Afrilun 1955 sakamako ya zo, ya ci kemistiri fiye da kowa a ajin. Ɗanjuma ma ya tsallake, da ƙyar, kamar yadda yake tsallake komai.

Su biyun aka tura sansanin allurar shanu da ke bayan Rigasa, hannun wani tsoho, Malam Shehu, wanda ya fara aikin tun ana daka maganin da hannu. Nan Ja'afaru ya gane akuyar zaure tana da wani hali mai kyau da bai yaba mata ba, ba ta harbi. Makon farko wani bijimi ya jefa shi cikin kwatami a gaban Fulani kusan talatin, waɗanda suka yi masa sannu da fuskar da ba ta ɓoye komai ba. A wata na biyu ya iya zarga igiya ya kayar da sa shi kaɗai. Ya iya gane cutar bushiya daga ido da dasashi tun kafin zawo ya fara, ya iya bambanta ramar cutar sammore da ta yunwa. Malam Shehu ya koya musu duba shekaru: a kama hanci, a ja leɓen ƙasa, a ƙirga manyan haƙoran da suka maye na nono. Biyu shekara kaza, huɗu shekara kaza, in sun cika takwas sun fara lalacewa, saniya ta ga duniya. Makiyayi zai rantse karsana ce, baki ya ce ta haifi uku.

"Mai shanu yana ƙarya, takardar jangali tana ƙarya," in ji Malam Shehu. "Haƙori ne bai iya ba." Sai ya dubi Ɗanjuma. "Kai ɗan sha tara, buɗe mu gani."

Ɗanjuma ya wangale baki. Tsohon ya leƙa, ya daɗe.

"Rufe. In sa ne kai, ko mahauci sai ya yi shawara."

Kowa ya yi dariya, har da Ja'afaru, amma tasa ba ta kai ciki ba. Makarantar da za ta koya masa ya yarda da haƙori ya ƙi takarda ita ce za ta duba tasa takardar ta ƙi haƙoransa.

A watan Agusta fom ɗin neman shiga ya zo. Ja'afaru ya karanta shi sau uku. Ba inda aka tambayi ranar haihuwa. Layi ɗaya ne, shekarun mai nema. A ƙasa kuma an ce a haɗo da takardar haihuwa, idan akwai. Ya sake hawa keke sai Unguwar Dosa.

"Yau shekararka nawa?" in ji Kawu Ɗahiru.

"Ashirin da ɗaya."

"Rubuta. Gaskiya ce. Ita takardar, tana hannunka?"

"Tana akwatin Baba."

"Ban tambaye ka akwatin wani ba. A hannunka akwai?"

"Babu."

"To babu. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa. Wanda ba a tambaye ka ba, shirunka ba ƙarya ba ne. Tashi ka kai gidan waya kafin ka wuce ta gida."

Haka ya yi. Bai gaya wa mahaifinsa dabarar ba, don ya san amsar, kuma ya san ta bakin wa za ta biyo.

Ran goma ga Nuwamba masinja ya kawo wasiƙa. An ɗauke shi. Ya zo ran tara ga Janairu da bargo biyu, da takalmin roba, da farar riga ta aiki. Hansai ta yi guɗa, ta tuna ɗan fari ne, ta mayar da ita tari. Maƙwabta suka cika gidan, kowa na cewa ai shi dama ya sani. Da Malam Shu'aibu ya dawo daga ofis aka miƙa masa wasiƙar. Ya sa tabarau, ya karanta, ya koma sama ya dubi kwanan watan, ya daɗe a wurin. Ya ninke ta yadda ta zo, ya ba Hansai, ya shige ɗaki bai ci abinci ba. Ja'afaru ya ɗauka kunya ce. Har ya ji daɗi, ya ce a ransa ashe tsohon ma abin ya taɓa shi.

Aka sayi akwatin ƙarfe aka rubuta sunansa da farin fenti. Hansai ta daka yaji, ta sa aka saƙa masa rigar sanyi, don an ce mata a can ruwan randa ma cizo yake yi.

Kwana tara bayan ta farko, wasiƙa ta biyu ta zo. Sunan Malam Shu'aibu ke kanta, da kofe zuwa ga Ja'afaru. Gajeriya ce. Makaranta tana godiya da wasiƙar Malam Shu'aibu ta ashirin da huɗu ga Oktoba, wadda ba ta iso teburin shugaba ba sai bayan an aika da sunayen waɗanda aka ɗauka. Tana godiya musamman da kofen takardar haihuwa da ya haɗo, wanda ya jawo hankalinta ga abin da ba ta lura da shi ba. Tana baƙin cikin sanar da shi cewa doka ba ta ba shugaba ikon yafe ko kwana ɗaya ba. An ba wani gurbin.

Ja'afaru ya karanta a tsaye a zaure, kusa da akuyar. Ya shiga gida da takardar a hannu. Mahaifinsa na zaune, tasa a kan gwiwa, da wasu takardu huɗu da aka buga da tafireta. Bai ɗago ba, ya miƙa su gefe, wajen da Hansai take, ita kuma ta miƙa wa ɗanta.

Kofen wasiƙar Oktoba ne, da Ingilishi, kowane sakin layi da lambarsa. Malam Shu'aibu, wanda bai taɓa roƙon kowa komai a rubuce ba, ya roƙi shugaban makaranta ya dubi girman Allah ya yafe wa ɗansa kwana goma sha biyu. Ya ce laifin ba na yaron ba ne, na uban ne da ya rubuta. Ya ba da labarin awaki tara. Ya ce yaron ya haɗa ƙasusuwan akuya guda ɗari da tamanin da wani abu, ya sa wa kowanne suna, shi da kansa ya ari littafi ya bi su ɗaya-ɗaya bai sami kuskure ba. Ya ce ya je Rigasa ran wata Asabar ya tsaya daga nesa ya ga yadda yake kayar da sa. A sakin layi na bakwai ya rubuta, ɗana Ja'afaru. Ja'afaru bai taɓa jin kalmomin nan biyu a jere daga wajensa ba.

Ya zo da fushin da ya isa ya rushe katanga, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya durƙusa. Muryarsa ta fito ƙarama.

"Baba, ai ba su lura ba."

Malam Shu'aibu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Hansai, ki gaya masa ban san ba za su lura ba." Ya dubi wasiƙar da ke gwiwarsa. "Da ni ne a teburin, da na lura."

Hansai ba ta gaya masa ba. Ta tashi ta shiga madafa, aka ji tana ta buga tukwanen da ba su yi mata komai ba.

Ja'afaru ya rubuta wa makarantar wasiƙa uku da hannunsa cikin shekarar da ta biyo, aka ba shi amsa uku, duk da ladabi, duk suna nuni ga wasiƙar mahaifinsa da lambarta. Shugaban kwaleji ya ce abin takaici ne, za a duba. Ɗanjuma ya tafi Jos da bargo biyu, ɗaya ma na Ja'afaru ne. Malam Shehu ya ce shi dai yana buƙatar mai hannu, ba ruwansa da ranar da aka haifi hannun. Haka Ja'afaru ya zama mai allura. Akwatin ƙarfen mai farin fenti shi ne wanda ake gani a bayan kekensa.

Ya iya aikin, wannan ba wanda ya musa. Fulani kan bar layin wani su bi nasa. In saniya ta mutu ba a san dalili ba, shi ake kira ya farke, ya nuna da yatsa, sannan a jira mai muƙami ya zo ya sa hannu a kan abin da ya faɗa. A farkon 1959 mai muƙamin da aka turo Ɗanjuma ne, da farar riga da babur, yana da shekara ashirin da uku, ɗansa na fari na aji huɗu a elementare. Mutumin kirki ne, bai sauya ba. A gaban mutane yakan ce, "Malam Ja'afaru, mi ka gani?" In sun keɓe ya ce, "Likita, don Allah mi ag ga saniyar ga? Ni wallahi duk kama suka yi mini." Ja'afaru ya gaya masa, shi kuma ya rubuta ya sa hannu. Wani lokaci a hanyar komawa gida, wajen gangaren da ake sakin feda, Ja'afaru kan tsinci kansa yana ƙirgawa, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, har talatin da ɗaya, sannan ɗaya. Kullum goma sha biyu suke fitowa.

Shi da mahaifinsa ba su sake tayar da maganar ba. Dama can ba su saba tayar da magana ba.

Cikin daminar shekarar nan matarsa Rahmatu ta haihu, namiji. Ja'afaru na tsakar gida, an fito da jaririn a zane ana nuna wa kakanni, sai ga Malam Shu'aibu, wanda ya yi ritaya a bara, ya fito daga ɗaki da baƙin littafin da alƙalami. Ja'afaru ya matso kusa. Ya buɗe baki, ya rasa ta inda ɗa ke fara hana ubansa rubutu.

Tsohon ya zauna, ya buɗe sabon shafi, ya gwada bakin alƙalamin a gefe. Hannunsa ya tafi aljihun agogo, ya tsaya a kan maɓalli, ya dawo. Ya rubuta kalma ɗaya, namiji. Ya busa tawadar.

Hansai ta leƙo ta kafaɗarsa. Ba ta iya karatun boko ba, amma kusan shekara talatin tana ganin shafukan littafin nan, ta san yadda cikakken layi yake.

"Malam, ka bar wuri. Yau Talata, sha..."

"Ban tambaye ki ba," in ji Malam Shu'aibu.

Ya rufe littafin, ya ɗaure shi da igiyarsa. Sannan, yana kallon wani wuri tsakanin randa da bango, ya ce, "Ki gaya masa in yaron ya isa makaranta, ya duba masa haƙora da kansa. An ce ya iya."